Sankarar mama mai kama da kumburi: ina neman shawara kan wani samfuri

Mai_Koyon_Aiki:
Assalamu alaikum, malamaina. Shekarata ta biyu ke nan ina koyon binciken nama a ɗakin gwaji, kuma wani samfuri da aka ciro da allura daga maman wata dattijuwa ya tsaya mini a rai. A ƙarƙashin madubi na ga manyan ƙwayoyi masu kumfa-kumfa, warwatse cikin kitse, cibiyoyinsu babu muni, har na kusa rubuta cewa mutuwar kitse ce kawai. Abin da ya dakatar da ni shi ne wasu daga cikinsu sun jeru ɗaya bayan ɗaya kamar ayarin tururuwa, wasu kuma suna da ɗan rami a ciki mai ɗigo a tsakiya. Rinin sitokeratin (mai nuna ƙwayoyin shimfiɗa irin na bututun nono) ya kama su sosai, CD68 (mai nuna ƙwayoyin share datti na jiki) bai kama ba, amma E-cadherin, wanda yawanci ba ya kamawa a sankarar lobula, ya nuna ɗan launi. Shin wannan launin ya hana a kira ta sankarar lobula, wato wadda ake dangantawa da ƙananan jakunkunan da ke samar da nono?

Tsohon_Malami:
Wa alaikumus salam. Madalla da ba ki yi gaggawar sa hannu ba, 'yata. Abin da kika siffanta ya yi daidai da nau'in da ake kira histiyositoid, wato sankarar da ƙwayoyinta suke shigar burtu da kamannin ƙwayoyin share datti na jiki. An fara bayyana ta a 1973 a matan da ta bazu zuwa fatar idanunsu, kuma yawancin masana suna ɗaukarta a matsayin reshen sankarar lobula, wadda ita kanta kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari ce ta sankarar mama mai kutsawa cikin nama. Ki ƙara rinin S100 domin kawar da yiwuwar ƙarin nan mai ƙwayoyi masu tsaki-tsaki wanda ba sankara ba ne, sannan rinin GCDFP-15 da na mai karɓar androjin (sinadarin hormon na maza), waɗanda sukan kama a wannan nau'in.

Dakta_Rini:
Ina so in tsaya kan E-cadherin, domin nan ne mutane da yawa suke zamewa. Asalin cutar lalacewar ƙwayar gadon CDH1 ce da ke kan kromosom na 16, wadda take sarrafa E-cadherin, wato furotin ɗin da ke manne ƙwayoyi da juna. Shi ya sa suke warwatsewa maimakon su haɗu su yi bututu. To amma a wani kaso na masu cutar ana samar da furotin ɗin, sai dai ba ya aiki, sai rini ya fito a tsittsinke, ko ya yi dishi-dishi, ko ya taru a cikin ƙwayar maimakon ya zagaye bangonta. Ki kwatanta da lafiyayyun bututun nono da ke kan gilashin, waɗanda bangonsu yake fitowa tsaf. Idan shakka ta rage, ki nemi rinin p120, wani furotin da ke aiki tare da E-cadherin: a sankarar lobula yana barin bango ya cika cikin ƙwayar. Rarrabuwar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ma a kan siffar ƙwayoyi ta dogara, kuma a ganina kuskure ne babba a bar rini guda ya rushe abin da ido ya gani ƙarara.

Likitan_Tiyata:
Daga ɓangarenmu, roƙona shi ne a rubuta kalmar lobula a fili cikin rahoto. Hoton mamogiram, wato X-ray na mama, yakan nuna wannan cuta ƙasa da ainihin girmanta, don haka sunan ne yake sa mu nemi hoton MRI kafin aiki, kuma mu sa ido idan daga baya majiyyaciya ta koka da ciki, tunda tana iya bazuwa zuwa tumbi, hanji da ma'ajiyar ƙwan mace. Kada kuma a ɗauka rinin mai karɓar istrojin (sinadarin hormon na mata) zai kama kamar yadda aka saba a sankarar lobula. A gwada shi tare da HER2, wani furotin da ake dubawa domin zaɓen magani.

Mai_Koyon_Aiki:
Na gode, ranku ya daɗe. Na sake duba gilashin, kuma lallai launin E-cadherin ɗin a tsittsinke yake idan aka kwatanta da bututun da ke gefe. S100 bai kama ba. Na aika a yanko sabon yanki domin p120, gobe kuma zan kai wa shugabar sashenmu mu duba tare kafin a fitar da rahoto.