Neman shawara: ƙanena ya mamaye kwamfutar gida, ya zan ƙayyade masa intanet?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Kwamfuta ɗaya gare mu a gida, Windows 11 ce, ni nake aikina a kanta, Baba yakan duba imel, sai ƙanena ɗan shekara 14 da aka ce ya riƙa aikin makaranta. To yanzu abin ya wuce makaranta, yana dawowa ko takalmi bai cire ba sai YouTube da gem, dare kuma sai ya bari kowa ya yi barci ya lallaɓo ya rage hasken allo ya toshe kunne da iyafis, da safe a yi ta fama da shi ya tashi. Baba ya ce tunda ni ce babba in nemo mafita. Ba so nake a raba shi da ita ba don yana buga aikinsa a Word, intanet ɗin ce nake so a taƙaita, kamar awa 2 a rana, ƙarfe 9 na yi ta rufe. Duk akawun ɗaya muke shiga. Ya zan yi?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Ki canza fasuwod ɗin wifi kawai, shi kenan an wuce wajen.

Wani ɗan uwa:
Ki shiga rawuta ɗinku, wato na'urar da ke ba ku wifi, ta burauza, yawanci adireshin 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, da yawa suna da wurin sa wa na'ura lokaci.

Mai gyaran kwamfuta:
Ku yi haƙuri amma duk biyun ba za su yi mata ba. Rawuta na'ura ta sani, ba ta san wa ke zaune a gabanta ba, in kika rufe ƙarfe 9 to har ke da Baba kin rufe. Fasuwod ɗin wifi kuwa da zarar kin sa shi a kwamfutar ta haddace, shi ma ya samu.

'Yar uwa matsalarki tana cikin maganarki ta ƙarshe, akawun ɗaya. Sai kin raba tukuna. Ke ki riƙe na admin, wato mai ikon canza komai a kwamfutar, da fasuwod ɗin da bai sani ba, shi ki buɗe masa nasa na Microsoft ki saka shi cikin Family Safety, wato tsarin Microsoft na kula da yara, a matsayin yaro, ta Settings sai Accounts sai Family. Daga nan kina iya sa awa nawa zai yi kowace rana da kuma daga ƙarfe nawa zuwa nawa, ranakun hutu daban na makaranta daban. Amma ki lura wannan lokacin na akawun ɗinsa ne gaba ɗaya har da Word, tunda ke intanet kike nufi sai ki ba shi lokaci mai ɗan yalwa, sannan ki je wajen manhajoji ki sa wa Edge, wato burauzar Microsoft, da gem ɗin awa 2. Tace shafuka a Edge kaɗai yake aiki, in kin kunna shi yana toshe su Chrome a ɓangarensa. In lokaci ya ƙare zai iya turo roƙon ƙari ya zo miki ta waya, kya ba shi ko ki hana.

Kuma don Allah kar ki bar nasa a admin, wallahi a nan mutane ke yin aikin banza.

Wata uwa:
Duk na ji bayanin malam, amma ɗiyata kafin ki taɓa komai ku zauna da shi gaban Babanku a faɗa masa ga dokar ga dalili, har a tambaye shi wane lokaci ya fi so. In ya wayi gari kawai ya ga an kulle to ke zai ɗauka abokiyar gaba, gaba da Yaya kuma a gida ɗaya ba daɗi. Sannan a fito da ita falo allon ya kalli mutane.

Wani matashi:
Hhhh Anti ni ma an min wannan ina ƙarami. Abin da ya fi sauƙi shi ne mu jira babba ya tashi ya bar nasa a buɗe, ko mu tsaya a baya kamar muna hira alhali yatsunki muke kallo. Ki saba danna maɓallin Windows da L ko ruwa za ki sha. Kuma ki gaya wa Baba, don iyaye su ne ke faɗin fasuwod in an marairaice musu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Mama shawararki zan fara bi yau da daddare in sha Allah. Malam tambaya ɗaya, fayilolinsa da ke cikin akawun ɗin da muke shiga yanzu fa, za su bi shi ne?

Mai gyaran kwamfuta:
A'a ba sa bi da kansu. Ki kwafe su a filash, ko ki zuba su a C:\Users\Public, duk wanda ya shiga yana ganin wannan foldar, sai ya kwashe abinsa daga can.