Neman kalma: kwalaben yumɓun da ake tonowa

Jama'a, a kawo ɗauki. Me za mu kira abin da Turawa ke ce wa "salt-glazed stoneware bottle"? Masu binciken kayan tarihi na yawan tono su a kufai da jiragen ruwan da suka nutse.

Yumɓu ne, amma wuta ake ba shi har wajen digiri 1,200 a ma'aunin Celsius, ya ƙanƙare ya daina shan ruwa. Wutar na tsaka da ci sai a watsa gishiri a ciki, tiririnsa ya kama jikin yumɓun, ya bar sheƙi mai gurzi-gurzi kamar ɓawon lemo. Magina na yankin kogin Rhine a Jamus ne gwanayen abin, musamman garin Frechen kusa da Cologne, inda a ƙarni na 16 da na 17 ake buga fuskar wani mai gemu a wuyan kwalbar. An tsamo irinsu daga Batavia, jirgin Holan da ya nutse a gaɓar yammacin Ostareliya a 1629. A Ingila kuwa an tono wasu cike da ƙusoshi da gashi da fitsari, wai maganin mayu.

Ga yadda muka tattauna kan sunan da za mu ba ta da Hausa:

— Malam, ai tulu ne, a ce ƙaramin tulu a huta.

— A'a Yaya, tulu tsattsafo yake yi, shi ya sa ruwansa ke sanyi. Wannan ko ɗigo ba ya fitarwa, don haka aka riƙa zuba masa giya da ruwan ma'adinai na garin Selters da ke Jamus ana ƙetare teku da su.

— To tangaram fa?

— Kowa ya ji tangaram farin faranti zai hango, faɗi-ka-mutu. Waɗannan masu kauri ne, ruwan ƙasa ko toka-toka.

— Ni dai kar a ce "kwalbar dutse", Malam. Yara za su zaci sassaƙa ta aka yi.

Gaskiyarki Hajiya, na soke wannan. "Shafen gishiri" ma ban yarda da shi ba, tunda ba hannu ya shafa ba. Wani ya kawo "turaren gishiri". Ya kama yadda ake aikin sarai, sai dai mai karatu zai tsaya jiran ƙamshi.

Na tsaya a kan "kwalbar yumɓu mai sheƙin gishiri". A ambaton farko a rubuta ta duka, bayan nan "kwalbar yumɓu" ta wadatar. Fasassun da aka fi samu a rami kuwa tsingaro ne, ba sai mun ƙirƙiro musu suna ba.