Fi'ilin accord a Turanci: daga zuciya ya fito ko daga tsirkiya?

Ɗan Zengou ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Tambayata kan fi'ilin Turanci to accord ce. Mu da muka yi karatu da Faransanci mun san accorder na ɗauke da kaya da yawa: a daidaita tsirkiyar gita, a ba mutum izini ko wata alfarma, a dace fi'ili da mai aikinsa a nahawu, ga kuma d'accord ɗin nan da ya zama "dakor" a bakin kowa a Damagaram. Shin na Turancin ma ya kwashe waɗannan duka? Kuma wanne ya riga, yarda ko kiɗa? Wasu na cewa daga corde, wato igiya, kalmar ta fito.

Malamin Birni ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in ɗauki ɓangaren asali. Tushen wannan kalma shi ne zuciya. A Latin ana ce wa zuciya cor, in an sarrafa ta sai ta koma cordis, kuma ita ce uwar cœur na Faransanci. Aka liƙa mata ad a gaba, mai nufin "zuwa ga", d ɗin ta narke cikin c, aka samu accordare: a kawo zuciya kusa da zuciya. Mu ma in mutane sun jitu ai cewa muke zuciyarsu ɗaya, ko bakinsu ɗaya. Manyan marubutan Rum ba su yi amfani da wannan fi'ili ba, su concordare da discordare suka sani. A bakin jama'a ya tsiro daga baya, shi ya sa za ka tarar da shi a harsunan da Latin ya haifa: accordare a Italiyanci, acordar a Sifaniyanci, acorder da c ɗaya a tsohon Faransanci. C ta biyun daga baya masana suka maido da ita don a yi kama da Latin.

Shigarsa Ingila kuwa ta hanyar yaƙi ce. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci ƙasar, sai fada da kotu da manyan coci suka koma magana da Faransanci har tsawon ƙarnoni. Accord na cikin sahun farko na kalmomin Faransanci da suka bayyana a rubutun Turanci, tun ƙarni na 12, a cikin tarihin da malaman cocin Peterborough ke rubutawa shekara-shekara. Ma'anarsa a can sulhu ce tsantsa: a shirya manya biyu da suka ɓata, kamar sarki da babban limamin coci. To ka ga yarda ce ta riga. Kiɗan daga baya ya biyo, da aka ga sautuka ma suna iya jituwa ko su saɓa kamar mutane.

Masu cewa igiya ba su faɗi haka a banza ba. Akwai wata kalmar Latin daban, chorda, aro daga Girkanci, mai nufin tsirkiyar da ake yi da hanjin dabba. Ita ta haifi corde. Da yake kunne na jin su kusan ɗaya, mutane sun daɗe suna cakuɗa su, kuma wannan cakuɗa ta ƙara tura accorder wajen makaɗa. Amma dangantakar jini da cor take. Ƴan'uwanta na gaske su ne concord, discord, cordial, courage, da record wanda asalinsa a maido da abu cikin zuciya ne, wato tunawa. Ranar 24 ga Afrilu da muke hutu a Nijar, ranar Concorde, daga gidan nan sunanta ya fito, kuma abin da ake tunawa a cikinta accord ne, yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995 tsakanin gwamnati da ƴan tawayen arewa.

Malama ta Sabon Gari ta amsa:

Malam ya gama da tarihi, Allah ya ƙara sani. Ni zan tsaya kan aiki da shi yau, don nan ne ɗalibanmu ke zubar da maki a jarrabawar BEPC da Bac. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Cikin ma'anoni huɗun da ka lissafa, fi'ilin Turanci ya riƙe guda ɗaya sosai, wato bayarwa, ya kuma riƙe wata irin dacewa. Sauran ya miƙa wa wasu kalmomi.

Ta farko, accord with, abu ya dace da abu. The figures accord with the report, wato alƙaluman sun yi daidai da rahoton. Lura da wanda ke aikin: alƙaluma, shaida, bayani, ra'ayi, ɗabi'a. Mutum ba ya cika zama a wannan gurbi. In ka ce wa Bature I accord with you zai gane, amma zai ji abin banbaraƙwai. I agree with you ake cewa. Kurakurai uku ke yawan fitowa a nan. Akwai mai yar da with gaba ɗaya. Akwai mai sa to a madadinsa saboda kunnensa ya saba da according to. Sai babbansu, I am agree, wanda je suis d'accord ne aka ɗauko kalma-kalma, alhali agree shi kansa fi'ili ne, ba ya bukatar am.

Ta biyu, bayarwa. Ginin iri biyu ne: mutum sannan abu, They accorded him great respect, ko abu sannan to sannan mutum, They accorded great respect to him. An fi jin sa ba tare da an ambaci mai bayarwar ba, He was accorded a warm welcome, an yi masa kyakkyawar tarba. Abin da ake bayarwa da shi girma ne, matsayi, fifiko, haƙƙi, tarba. Ba a ba da biro ko kuɗin cefane da shi. Ko inda Faransanci ke cewa accorder un prêt ko accorder un visa, Turanci grant ya fi so. Kalma ce ta takardar ofis da jarida da kotu, mai babbar riga. A hirar yau da kullum give ya wadatar.

Na nahawu kuma agree ne: the verb agrees with its subject. Dakor ɗinmu shi ne okay ko agreed.

Furuci ma a kula. Nauyin muryar kan gaɓa ta biyu yake, a ɗin farko a taushe, kuma d ta ƙarshe ana furta ta, saɓanin Faransanci da ke haɗiye ta. Accorded gaɓa uku ce.

Mai Gurmi ya amsa:

Sannunku da ƙoƙari malamai. A fagen kiɗa, accorder une guitare shi ne to tune a guitar. A da can Turanci ya yi amfani da accord a wannan ma'ana, amma ta mutu, makaɗin yau ba ya faɗin ta. Aikin dai ɗaya ne da wanda mai garaya ke yi wa tsirkiyoyinsa biyu kafin ya fara: ka ƙara ɗaurewa sauti ya hau, ka sassauta ya sauka. Gita tsirkiya shida gare ta, daga mai kauri zuwa siririya sunayen sautukansu Mi, La, Re, Sol, Si, Mi, waɗanda Turanci ke kira E, A, D, G, B, E. Ma'aunin da duniya ta fi bi shi ne La mai girgiza sau 440 a daƙiƙa. In tsirkiya biyu sun kusa daidaita amma da ɗan saura, za ka ji sautin na rawa, wau-wau-wau. Yana ƙara jinkiri kana ƙara kusantowa, in ya tsaya cak ka iso. A zo wa sautin daga ƙasa ana ɗaurewa, don in aka sauko masa daga sama tsirkiyar kan zame bayan ɗan kiɗa. Zafin bazara irin namu da bushewar hunturu na motsa itace, don haka a sake dubawa duk lokacin da aka ɗauko ta.

Amma ga abin da ya fi ba ni sha'awa. Accord bai bar kiɗan Turanci ba, kansa kawai aka yanke. Turawan Ingila sun yar da gaɓar farko suka riƙa cewa cord, sannan wajen 1600 aka cusa masa h saboda waccan chorda da Malam ya ambata, ya zama chord. Shi ne sautuka uku ko fiye da ake bugawa tare, abin da Faransanci har yau ke kira accord. Do, Mi, Sol misali ne, kuma daɗinsu a kunne na da dalili: girgizarsu na tafiya kusan kan 4, 5, 6, suna haɗuwa akai-akai. Ana furta chord daidai da cord, da k, ba da c irin ta "ciki" ba. Akodiyan, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa da hannu biyu, shi ma ɗan gidan ne. Cyrill Demian ya yi masa rajista a Viyana a 1829 da wannan suna, don maɓalli ɗaya na fitar da chord cikakke.

Ɗan Zengou ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya Malama: according to me daidai ne a madadin selon moi? Kuma duk inda Faransanci ya ce accord a yarjejeniya, haka Turanci ke cewa?

Malama ta Sabon Gari ta amsa:

According to na jingina magana ga wani ne ko ga wata takarda, according to the minister, according to the law. Ga kanka sai ka ce in my opinion ko I think. In kana nufin bin doka ko ƙa'ida a rubutun ofis, in accordance with ya fi zama. Akwai kuma of his own accord, don raɗin kansa, ba wanda ya sa shi. Of ake sawa a gaba, ba on ba.

Batun yarjejeniya kuwa sai ka duba kowace da sunan da aka raɗa mata. Ta Camp David ta 1978 da ta Oslo ta 1993 Accords ake ce musu, da s a ƙarshe. Ta sauyin yanayi da aka cim ma a Paris a 2015 kuwa, Accord de Paris ce a Faransanci, amma sunanta na hukuma a Turanci Paris Agreement.