Sabuwar mota, ya zan kare fentinta?

Dan Kurna: Salam 'yan uwa, na ciro Corolla sabuwa dal, baƙa, ga hunturu ya shigo ƙura ko'ina. Me zan yi kar fentin ya dushe?

Baban Ummi: Allah ya sanya alheri. Kar ka yarda yara su goge ta da busasshen tsumma, ƙurar nan ita ke karce fenti, a fara kwara ruwa tukuna, kuma banda omo don Allah, sabulun mota za ka saya.

Direban Zariya: Baƙa kuma? Ka ɗauko aiki malam. Ni dai duk wata 3 nake shafa wa tawa waks, man nan mai kare fenti ya sa shi sheƙi, a inuwa.

Hajiya Mai Golf: Kashin tsuntsu ma yana cin fenti, kana gani ka wanke.