Da kaka mu sayar da arha, da marka mu sayo da tsada: wa ya kuɓuta?

Daga Kumo:
Salamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu riƙe da fartanya ce. Bara na samu wake buhu 11. Kafin ƙarshen Disamba tara sun tafi kasuwa, don mai takin da na ci bashinsa kullum yana ƙofar gida, ga kuma tsoron ƙwari. Da marka ta kankama sai ga ni ina awon masara da kwano, kuɗin ya kusa ninkawa. Wanda ya taɓa fita daga wannan tarko ya gaya mana ta ina ya bi.

Daga Billiri:
Malam, maganar ƙwari dai ta ƙare a gidana. Buhun PICS nake amfani da shi, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Ka shanya waken har ya riƙa ƙas idan ka ciza, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron shaƙewa yake yi ya mutu, babu ko ɗigon magani. Shekarar farko na yi wauta, na jingina buhun a ƙasa, ɓera ya huda shi. Ranar da na buɗe, gari na tarar. Yanzu a kan katako nake ɗorawa, nesa da bango. Kuma don Allah a daina zuba wa wake maganin feshi. A kan haka Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, mu kuwa 'ya'yanmu ke ci.

Daga Kumo:
Na gode Yaya. To amma buhu ba ya korar mai bin bashi.

Daga Bajoga:
Nan ne mu mata muka fi ku dabara, ɗana. Mu ashirin muke zubi duk mako, akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku. A watan Yuni na ɗauki rance na sayi takin kamfa da yuriya, na biya da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da mai gidan ya girbe, ba wanda ke binmu ko sisi. Akuya biyu kuma suna ɗaure saboda rashin lafiya ko kuɗin makaranta, don kada a taɓa rumbu.

Daga Dadin Kowa:
Ni noman rani ne ya rufa mini asiri, albarkacin ruwan dam. Idan shinkafa ta nuna kafin damina, da ita nake sayen taki. Sai dai tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 injin ban ruwa ya zama abokin cin riba. Na mayar da nawa na gas. Maƙwabcina ya sa sola, ni hannuna bai kai ba tukuna.

Daga Kumo:
Inna, zubin nan naku ana karɓar maza, ko sai na tura uwargida?

Daga Bajoga:
Turo ta ranar Laraba bayan la'asar. Amma ka sani, makulli ba zai zo hannunka ba.