Wa ke rubuta kasafin firamare, kuma yaushe ake shigar da buƙata?

Ɗan Kwamiti, Daura:

Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske. Idan iskar farkon damina ta kware rufin ajujuwa biyu a firamaren unguwa, kwamitin makaranta ya kai kuka, amsar da ake yawan ji ita ce babu aikin a kasafin bana. To wa ke rubuta kasafin nan, ƙaramar hukuma ko jiha? Ina kuɗin ke fitowa? A wane wata ya kamata a kai buƙata don ta samu shiga?

Malam Na Ƙofar Soro, Katsina:

Wa alaikumus salam. Malam, abin da ke rikita mutane shi ne ana ɗauka aljihu ɗaya ne, alhali uku ne, kowanne da mai riƙe da shi.

Na farko albashi, kuma shi ke lashe mafi yawan kuɗin. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin ɗaukar nauyin firamare, don haka albashin malamanta yana fita ne daga kason da suke samu a asusun tarayya, wato kashi 20.60 cikin 100 da ake raba wa ƙananan hukumomi 774, ciki har da 34 na Jihar Katsina. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne kuɗin su faɗa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a cire albashin tun daga can, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta biya. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko ta ina kuɗin suka biyo, albashi ne kan gaba. Shi ya sa da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, abin da ke raguwa na sauran hidimomi ya ƙara tsukewa a duk inda kaso bai ƙaru daidai da shi ba.

Na biyu kuɗin gudanarwa: alli, rajista, man babur ɗin masu duba makarantu, takardun jarrabawa. Ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma ke juya su, kuma ba su kai su rufe aji ba.

Na uku manyan ayyuka, nan rufinku yake. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Kaso mafi tsoka a ciki tallafin gine-gine ne ga jihohi, amma da sharaɗi: sai jiha ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta, ta kuma kai jadawalin ayyuka an amince da shi. Sai an zubar da ruwa a ƙasa kafin a taka danshi. Jihar da ta yi jinkirin zuba nata, kuɗinta na nan kwance a Abuja, yaranta na zaune a ƙasa. Ban da wannan akwai abin da jiha ke sawa a kasafinta na kanta.

A taƙaice, Sakataren Ilimi yana tattara buƙatu ya tura sama, amma ba shi ke yanke wace makaranta za a gyara ba.

Hajiya Mai Ƙidaya:

Malam ya yi bayanin aljihunan. Ɗan'uwa, ni zancen lokaci zan ɗora, don nan kwamitoci ke shan kaye.

Shekarar karatu tana farawa a Satumba, ta kasafi kuwa Janairu zuwa Disamba. Galibi tsakanin Yuli da Satumba ma'aikatar kasafi ke aika wa hukumomi takardar neman ƙiyasinsu, tare da iyakar da kowa ba zai wuce ba. Gwamna ya kai wa Majalisar Dokoki a watannin ƙarshen shekara, hukumomi su je su kare nasu, a sa hannu. Rufin da ya tashi a Mayu ko Yuni, idan takardarsa ta isa kafin ƙarshen Yuli, yana iya shiga kasafin baɗi. Wadda ta isa a Nuwamba ta makara, sai dai a jira ƙarin kasafi ko shekara ta gaba.

Abu na biyu, kuma shi ya fi damuna: fom ɗin ƙidayar makarantu na shekara-shekara. Masu tsara ayyuka ba sa zagaya kowane ƙauye, alƙaluman fom ɗin nan suke dubawa. Hedimasta ya cike shi a gurguje, ya rubuta ajujuwa goma, bai bambance masu kyau da masu neman babban gyara ba, shi ke nan a kwamfuta makarantar lafiyarta ƙalau. Shugaban kwamiti ya zauna da shi ranar cikewa, su shiga aji-aji.

Takardar neman gyara kuma kada ta zama ta roƙo kawai. A sa yawan yara maza da mata, yawan ajujuwan da ake zama cikinsu, hoto mai kwanan wata, da ƙiyasin kafinta: bandir nawa na kwano, katako nawa, ƙusa, silin, kuɗin aiki. A yi lissafin da ke magana da kansa. Misali makaranta mai yara 840: tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ke nan tana buƙatar malamai 24 da ajujuwa 24, da benci 280 idan mai zaman mutum uku ne. Idan ajujuwanta 12 ne, biyu sun kware, kowane aji zai ɗauki yara 84. A kai kwafi ofishin Sakataren Ilimi a buga hatimin karɓa, a ba kansila ɗaya, hakimi ɗaya, ɗan majalisar mazaɓa ɗaya.

Tsohon Akanta:

Hajiya, a ƙara masa wannan: shiga kasafi daban, sakin kuɗi daban. Kasafi ƙiyasi ne, in kuɗin shiga suka gaza manyan ayyuka ake fara yankewa. Ga kuma tsadar kaya. Ƙiyasin da aka yi a Agusta, kafin a ba da kwangila a Afrilu siminti da kwano sun tashi, ɗan kwangila ya nemi ƙari ko ya rage inganci: kwano mara kauri, ɗanyen katako da ba a shafa masa maganin gara ba, ba a ɗaure shi da ƙarfe a jikin bango ba. Irin wannan rufin ne iska ke ɗauka. Galibi ana riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin ɗan kwangila har wata shida bayan kammalawa. Duk aibin da kuka gani ku rubuta shi kafin wa'adin ya cika, lokacin ne gyara ke wuyansa.

Ɗan Kwamiti, Daura:

Allah ya saka da alheri. To kafin baɗi, za mu iya yanka wa iyaye kuɗi mu rufe ko da aji ɗaya?

Hajiya Mai Ƙidaya:

A'a, kada ku yanka. Dokar 2004 ta haramta karɓar kuɗi a firamare da ƙaramar sakandaren gwamnati, hukuncin ya kai tarar naira 10,000 ko ɗaurin wata uku ko duka biyu. Kuma yaran talakawa za a fara kora, mata kan gaba. Gudummawar ganin dama daga 'yan kasuwa, tsofaffin ɗalibai da masu hali ta halatta. Ta shiga asusun banki na kwamiti mai sa hannun aƙalla mutum biyu, a ba da rasit, a karanta lissafi a taron iyaye. Ku sanar da Sakataren Ilimi a rubuce kafin kafinta ya hau, ku kuma tambaye shi ko an buɗe neman tallafin da UBEC ke ba kwamitocin makarantu kai tsaye don ƙananan ayyuka. Yau ɗin nan kuwa a tattara tsohon kwanon da katakon da bai karye ba a kulle, a rufe kan bangon da leda mai kauri, don in ruwa ya ratsa bulo gyaran rufi zai koma sabon gini.