Neman shawara kan kwas ɗin fasahar sadarwa da 'yata ke son yi

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. 'Yata ta gama sakandare, kuma ta ƙwallafa rai a kan kwas ɗin satifiket na wata tara a fannin haɗa kwamfutoci da layukan intanet, a wata cibiya mai zaman kanta a Kano. Waɗanda suka yi, don Allah, mutum nawa suka kai ƙarshe cikin waɗanda kuka fara tare, kuma akwai mata a ajin?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki saya mata fom ɗin JAMB ta nemi aikin jinya, shi ya fi rufin asiri.

Ɗan Fagge: Hajiya, mu 32 muka fara, mata huɗu. Da aka shiga wata na biyar malamin da ya san aikin ya samu wuri a Abuja, aka kawo wanda littafi kawai yake karanta mana. Biyu daga cikin matan suka daina zuwa saboda an mayar da darasi bayan magariba. Mu tara muka gama, kuma da na kai takardar neman aiki aka ce cibiyar ba ta cikin waɗanda hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha ta amince da su. Naira dubu 180 na biya, kuɗin babur ɗin da na sayar.

Injiniya Sani: Wannan kuɗin ya yi kaɗan, domin ƙanena dubu 450 ya biya, ban da jarrabawar CCNA ta ƙwarewa a haɗa kwamfutoci ta kamfanin Cisco, wadda ita kaɗai dala 300 ce. Hajiya ta bincika Digital Bridge Institute, cibiyar horo wadda hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta kafa a 2004, tana da reshe a Kano.

Ɗan Fagge: Injiniya, kai jami'a ka yi, ba ka taɓa zama a irin ajin nan ba.

Injiniya Sani: Amma ni nake tantance masu neman aiki a wurinmu, na san takardar da ake dubawa.

Na Malam: A ajinmu mai gyaran janareta ne kaɗai bai taɓa fashi ba, shi ya cancanci satifiket ɗin.

Anti Bilki: Ni kaɗai ce mace cikin maza 20, kuma na gama. Wahalata ta zo ne a wajen koyon aiki, inda aka hana ni fita jan waya, aka ajiye ni a kan teburin karɓar baƙi.

Baban Sadik: Ai ko babbar difloma ta HND ma haka take. Shekara biyu na ND, shekara ɗaya ta koyon aiki, biyu na HND, sannan a ofis mai digiri ya wuce ka. Majalisa ta zartar da ƙudurin daidaita HND da digiri a 2021, amma shugaban ƙasa bai sa masa hannu ba.

Maman Hanifa: Anti Bilki, da rana ake yin naku darasin?

Ɗan Fagge: Baban Sadik, kai a wane mataki aka tsayar da kai?